Bargon Ɗaki Na Tara

Maulud bai taɓa iya wuce abu mai kyau a bola ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana haris a wani bene mai hawa huɗu a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, wato shi ne mai gadi, shi ne mai shara, shi ne mai canza ƙwan fitila. A duk shekarun nan ba abin da ya kai zubar da kayan mutanen Riyad ɗaure masa kai. Kujera ta ɗan karce, a fitar da ita. Fanka ta fara ƙara, a fitar da ita. Shi kuwa mutumin wani ƙauye ne a bayan Mirriya, ƙasar Damagaram, inda ko jarka ta fashe sai an yanke gindinta an yi wa kaji mazubin ruwa. Saboda haka duk abin da ya tarar a bakin bola ɗauka yake, ya wanke, ya gyara, ya kai wa Maiwada mai kargo a aika gida. Ba shi kaɗai ba ne, yawancin 'yan uwansa na Maraɗi da Damagaram haka suke yi, kuma ba mai ganin abin kunya a ciki.

Ɗaki na tara yana hawa na uku. Wasu mutum biyu ne suka kama haya a ciki, suka ce turare suke haɗawa suna kaiwa kasuwar Batha. To, warin da ke fitowa ta ƙasan ƙofarsu dai bai yi kama da turaren kowa ba, ya fi kusa da fitsarin kyanwa. Sun liƙe tagogi da leda, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Amma mutane ne masu gaisuwa, ba sa zubar da shara a matakala, Maulud ya ce ina ruwansa. Sai wata Talata da hantsi 'yan sanda suka cika layin, suka fito da mutanen a ɗaure, suka kwashe kwalabe da bututai da tukwane. A ranar ya ji cewa ƙwayar nan da ake kira shabu suke dafawa. Da za su tafi suka manna wata takarda mai jan hatimi a jikin ƙofar.

Maulud ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma Larabcin ofis da ƙananan baƙaƙensa wata duniya ce dabam. Ya dubi takardar, ya gane bisimillar da ke sama, ya wuce. Bayan kwana huɗu mai benen, wanda kuma shi ne kafil ɗinsa, wato uban gidan da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ke hannunsa, ya bugo daga Ɗa'ifa inda ya tafi gudun zafi.

"Ka share ɗaki na tara," in ji shi. "Komai waje. Ina da mai so."

Maulud ya ɗauki makullin ajiya ya hau. Wari ya doki hancinsa har sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe tagogi, ya tsaya yana duban abin da 'yan sanda suka bari. Kafet ja mai kauri, irin wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. Katifa ba ko tabo. Labule biyu. Sai wani bargo shuɗi mai laushi a naɗe a kan kujera, ko takardar kantin da ke gefensa ba a cire ba. Yana taɓa bargon, 'yarsa Jidda ta faɗo masa a rai.

Shekara goma sha ɗaya da aurensa da Khadijatu ba haihuwa. Sun sha rubutu, sun sha saiwa, sun je likita a Zinder, har suka haƙura. Sai bayan hutunsa na bara ta ce masa ta ga alama. Yanzu Jidda wata biyar ke nan a duniya, kuma bai taɓa ɗaukar ta ba, a waya kawai ya san ta. Yana son yarinyar nan so na fitar hankali, kuma abin yana cin sa cewa kowa a ƙauye ya san nauyinta a hannu ban da shi.

Ba wai bai san kayan da datti ba. Ya sani sarai. Amma ya san maganin datti tun yana gaban malaminsu: a zuba ruwa mai tsarki har launi ya tafi, ɗanɗano ya tafi, wari ya tafi, shi ke nan abu ya tsarkaka. Ya kwashi kayan ya kai saman bene kusa da tankin ruwa. Bargon sau bakwai ya wanke shi da omo, yana lissafawa. Ya shanya su kwana uku a ranar Riyad ta tsakiyar zafi, wadda ko takalmi ka manta a waje sai ya lanƙwashe. Sannan ya kunna gawayi a kasko, ya zuba turaren wutar da yake sa wa rigarsa ran Juma'a, ya kifa bargon a kai. Ya sansana ya sake sansanawa, ba komai sai ƙamshi.

Kafet da katifa da labule ya kai wa Maiwada, za su bi jirgin ruwa. Bargon kuwa bai iya jiran wata uku ba. Saidou, ɗan garinsu mai aikin gini, zai tafi gida ran Juma'a, sai ya damƙa masa hannu da hannu, yadda ake yi da saƙo mai muhimmanci. Kwana uku tsakani Khadijatu ta turo saƙon murya tana dariya, wai matan gida sun yi layi suna shafa bargon Saudiyya, kuma damina ta sauka, da asuba akwai sanyi, ya zo a kan gaɓa. Bayan wasu kwanaki ta sake turo wani. Jidda ba ta barci kwana biyun nan, sai kuka, ga wasu ƙananan ƙuraje a kumatu. Inna, mahaifiyarsa, ta ce haƙori ne. Maulud ya yi murmushi ya ce ai Inna ta sani, ta raini tara.

Kwana tara da isar bargon, da ƙarfe takwas na safe, farar mota ta tsaya a ƙofar benen. Jami'in lafiya na baladiyya ne, wato hukumar gari, tare da ma'aikatan wani kamfanin tsabtacewa su huɗu. Suka tsaya a bakin matakala suka zura fararen riguna tun daga kai har ƙafa, suka rufe hanci da baki, suka sa safar hannu bibbiyu. Maulud da ya shiga ɗakin da silifas da singileti ya tsaya yana kallon su, yana cewa a ransa mutanen nan akwai son wahalar da kai.

Jami'in ya yi magana da sauri, Maulud ya tsinci rabi ya zubar da rabi. Sai ya ƙwanƙwasa ɗaki na huɗu ya kira Tamimu, wani ɗalibin jami'a ɗan Gusau da ke karatun fiƙihu, ya zo ya yi musu tafinta.

"Baba Maulud," in ji Tamimu bayan ya saurara, "cewa yake takardar da ke ƙofar nan ta hana kowa shiga. Ka'idarsu ita ce duk gidan da aka dafa abin nan, ba a ba wa kowa haya sai an kwashe komai, an wanke bango da silin, an canza na'urar sanyi, an goga auduga a bango an kai gwaji. In gwaji ya fito da kyau, su sa hannu. Yana tambaya wa ya buɗe."

"Mai gida ya ce in share."

Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya buɗe hotunan da 'yan sanda suka ɗauka a allon hannunsa, yana nunawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kafet. Katifa. Labule biyu. Bargo. Ina suke?

"Bola," in ji Maulud. Ƙaryar ta fito da kanta, bai ma shirya ta ba. Shekara goma sha biyu sun koya masa cewa baƙo mai iƙama ba ya ƙara wa hukuma bayani.

Jami'in ya girgiza kai, ya ci gaba da magana yana rubutu, kamar mai faɗar abin da ya gaji da faɗa. Tamimu na bin sa a baya da Hausa.

"Ya ce matsalar ke nan. Wani zai tsince su ya kai gida. Hayaƙin abin nan yana shiga cikin zare ya kwanta. Babba zai iya samun ciwon kai ko ƙaiƙayi ya wuce. Yara suke jiye wa, musamman jarirai, don su fatarsu ba ƙwari, kuma komai suka kama sai baki. Ya ce sai ka ga yaro ya daina barci, yana ta kuka, ga ƙuraje, iyaye ba su san dalili ba."

Maulud ya juya wurin Tamimu.

"Malam Tamimu, tambaye shi. Ko da an wanke?"

Tamimu ya tambaya. "Ya ce wanki yana ragewa."

"Ko sau bakwai? Aka shanya kwana uku, wari ya tafi gaba ɗaya?"

Wannan karon Tamimu bai juya wurin jami'in nan da nan ba. Ya dubi Maulud, ya daɗe yana duban sa. Sannan ya tambaya a hankali, ya kawo amsa.

"Ya ce wari ba shi ne ma'auni ba, Baba. Abin ba shi da launi, kuma yana nan bayan wari ya tafi. Sai gwaji ke nunawa. Kayan da jariri zai kwanta a kai kuwa ba sa ma tsayawa gwadawa, zubarwa suke." Ya rage murya. "Wannan ba babin najasa ba ne. Ni ma da abin da na karanta zan bi, da na ce maka ya tsarkaka."

Maulud ya sauka ƙasa ya shiga ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala ya kira Khadijatu. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Ya san dalili: ƙauyensu ba wuta, da safe take kai wayar shagon caji, sai bayan azahar ta can take karɓowa, kuma Riyad ta riga su da awa biyu. Ya kira Saidou, aka ce ba ya cikin layi. Ya bar saƙon murya, ya goge, don bai san me zai ce ba. Ta cire bargon, sannan me? Ta wanke? Ta ƙona? Yarinyar fa, me za a ba ta? Duk Riyad mutum ɗaya ya sani da ke da amsar, kuma shi ne wanda ya gama yi wa ƙarya yanzu.

Ya zauna a bakin gado ya auna abin. In ya yi shiru, magana ta mutu a bola, ba mai bin motar shara. In ya faɗa, ya shiga ɗakin da hukuma ta rufe, ya kwashi kaya, ya yi ƙarya a kai. An kori mutane daga ƙasar nan kan abin da bai kai haka ba. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Bai kai minti biyar a zaune ba ya miƙe ya hau.

"Malam Tamimu, faɗa masa ba bola na kai ba."

Ya faɗi komai, tun daga tankin ruwa har hannun Saidou. Jami'in ya saurara bai katse shi ba. Da aka zo kan Jidda ya ɗago kai ya tambayi watanninta, ya rubuta. Sannan ya kira mai benen ya sa a amsa-kuwwa. Bawan Allah nan daga Ɗa'ifa ya rantse cewa shi bakin ƙofa ya ce a share, bai taɓa cewa a shiga ba, kuma maganar iƙamar haris zai duba ta in ya dawo. Maulud bai yi musu ba. Wa zai kafa shaida?

"Ya ce dole ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru," in ji Tamimu. "Amma zai rubuta cewa kai ka faɗa da bakinka. Yanzu mu je a karɓo sauran kafin su bar gari. Zan raka ka, hutu muke."

Ma'ajiyar da Maiwada ke tara kaya tana Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu, tafiya mai nisa a cikin manyan motoci. Maulud na bayan farar motar, wayarsa a hannu, yana kira yana sakewa. Suka tarar da Maiwada a bakin kwantena da tawul a wuya yana ba da umarni. Ɗan Maraɗi ne mai tumbi da baki, ya shekara ashirin yana aika kayan mutane. Da ya ga masu fararen riguna sun sauko, sai ya nemi tawul ɗin ya goge fuska.

"Maulud, me ka jawo mini? Ni ban taɓa aika ko allurar da ba ta halal ba."

"Kayana zan karɓa. Kafet da katifa da labule."

"Kayanka? Kai da ka ce in sun kwana biyu a nan ba ka yafe ba?"

Da aka yi masa bayani, Maiwada ya yi salati ya zauna a kan wani kwali. Ashe kafet ɗin ba a naɗe yake shi kaɗai ba. Masu kargo ba sa ɓata wuri: duk abu mai laushi da shi suke naɗe masu fashewa. Talabijin ɗin wani mutumin Tasawa na cikin kafet ɗin, labulen kuma an naɗe wa wata hajiya filas da kofunan shayi da su. Sai da aka sauke kusan sulusin kwantenar a cikin rana kafin a kai gare su, Maiwada na mita yana cewa daga yau duk wanda ya kawo masa kayan bola sai ya faɗi sunan bolar da na kakanta. Ma'aikatan suka goge talabijin da filas da wani ruwa, suka cusa kafet da labule a manyan ledoji masu ruwan ɗorawa, suka naɗe katifar, suka liƙe, suka manna lamba. Maulud ya ga katifar da ya ci wa buri an jefa ta bayan mota, ko a jikinsa.

Jami'in ya bi jerinsa yana sa alama. Saura layi ɗaya. Ya kira Tamimu gefe ya yi masa bayani dalla-dalla, Tamimu ya dawo ya maimaita wa Maulud sau biyu don ya riƙe. Kada a ƙona bargon, hayaƙinsa ya fi shi illa. A sa shi a leda biyu a ɗaure, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, inda ba mai tonowa. A yi wa yarinyar wanka da sabulu, a wanke duk kayan da suka haɗu da bargon dabam. A kai ta likita yau, a faɗa masa gaskiyar abin da ta kwanta a kai.

"Ya ce mai yiwuwa haƙorin ne da gaske," in ji Tamimu. "Ba zai iya sani daga nan ba. Ya ce yawanci in an raba yaro da abin, yana warwarewa."

An kira la'asar a masallacin ma'ajiyar ke nan wayar Maulud ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ya matsa inuwar kwantena ya ɗauka. Fuskar Khadijatu ta fito, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, lafiya? Na ga kira goma sha ɗaya."

"Ina Jidda?"

"Yi a hankali. Yau ne fa kawai ta samu barci, tun hantsi nake fama." Ta juya wayar. Ga Jidda a kan gado, an naɗe ta a shuɗin bargon har wuya, ƙurajen sun yi ja a kumatunta, ta cusa gefen bargon a baki tana tsotsa cikin barci. "Ka gan ta? Ba ta yarda da kowane zane sai wannan. Turarenka bai fita ba har yanzu. Kullum sai in ce mata, sansana, ƙamshin babanki ke nan, don in ka zo ta gane ka."

Maulud ya ji kunya da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba. Tamimu ya juya baya ya ba shi wuri.

"Malam? Kana ji na?"

"Ina ji. Khadijatu, tashe ta."

"In tashe ta? Yarinyar da ta kwana uku ba…"

"Tashe ta. Cire ta daga cikin bargon nan yanzu, ina kallo. Daga baya zan faɗa miki komai, laifina ne, ba naki ba."

Ta dube shi. Sannan ta jingina wayar da matashi, ta sunkuya ta zare gefen bargon daga bakin yarinyar, ta ɗaga ta. Jidda ta farka ta callara kuka, tana miƙa hannu wajen bargon. Maulud ya riƙe wayar da hannu biyu, ya jira kukan ya ɗan lafa, sannan ya tambayi Khadijatu ko akwai babbar leda a gidan.